Taku 10,000 da shafi ɗaya kullum: wa ƙalubalen ke yi wa amfani a zangunan Kumasi?

A farkon shekara, ko bayan an sauke azumi an yi Sallah, wata al'ada kan taso a rukunonin WhatsApp na unguwanninmu, daga Aboabo da Asawase har Sawaba da Moshi Zango. Wani zai kawo shawara a yi ƙalubalen kwana 30: kowa ya yi taku 10,000 a rana, ya turo hoton lissafin da wayarsa ta yi kafin ya kwanta. Wasu kuma, galibi ɗalibai da malaman makaranta, nasu na rubutu ne, shafi ɗaya kullum a kan abin da mutum ya gani ko abin da ke cin ransa. Makon farko rukuni kan cika da hotuna. Kafin tsakiyar wata sai ka ga saura 'yan tsiraru, kuma in ka duba waɗanda suka rage, samarin da dama suke buga ƙwallo ne, da 'yan matan da dama suke son biro da takarda. Telan da ke wuni a kan keke, da hajiyar da likita ya ce jininta ya hau, da magidancin da tunanin adibas ɗin haya na shekara biyu ya hana shi barci, su ne suke fara yin shiru.

Ina goyon bayan waɗannan ƙalubale, domin amfaninsu na gaske ne kuma an auna shi. Abin da ke damuna shi ne yadda ake tsara su yana korar mutanen da suka fi kowa buƙata. Tushen matsalar kuwa abubuwa uku ne da ake ɗorawa a kai tun ranar farko: taku 10,000, da kwana 30, da sharaɗin kullum ba fashi. Babu ɗaya cikinsu da likitoci suka kafa.

Adadin 10,000 daga talla ya fito. Bayan wasannin Olamfik na Tokyo a 1964, wani kamfanin Japan mai suna Yamasa ya fitar da wata 'yar na'urar ƙirga taku a 1965, ya sa mata suna mai ɗauke da wannan adadi don ya zauna a kan mutane. Ya zauna kuwa, har ya shiga wayoyin da ke aljihunmu yau. Sai da aka yi shekaru masu yawa kafin masana su tsaya su auna ko akwai wani sirri a cikinsa. A 2019 Farfesa I-Min Lee ta Jami'ar Harvard da abokan aikinta suka fitar da sakamakon bin diddigin mata fiye da 16,000 da shekarunsu suka kai kimanin 72. Matan da ke yin taku kusan 4,400 a rana, yawan mace-mace a cikinsu ya yi ƙasa sosai idan aka kwatanta da masu yin 2,700. Ribar ta ci gaba da hawa har wajen taku 7,500, daga nan ta tsaya. A 2022 wani nazarin da ya haɗa bincike 15 daga nahiyoyi daban-daban ya zo da abu makamancin haka: wanda ya haura shekara 60, ribarsa kan cika tsakanin taku 6,000 zuwa 8,000, wanda bai kai ba kuma tsakanin 8,000 zuwa 10,000.

Abin lura a nan shi ne inda ribar ta fi kauri. Tana can ƙasa, wurin wanda kusan ba ya motsi. Saurayin da ya tashi daga taku 9,000 zuwa 12,000 ya ƙaru da kaɗan. Dattijon da ya tashi daga 2,000 zuwa 4,000 shi ne ya ci kasuwa, amma a rukuni shi ne yake jin kunyar turo hotonsa, domin lambarsa ba ta kai rabin abin da aka yanka ba. Taku 10,000 fa tafiyar kilomita bakwai zuwa takwas ce. Ka ce wa mai shago a Alabar, wanda ke buɗewa da hantsi ya rufe bayan magariba, ya nemo wannan kullum, ka riga ka sallame shi.

Kuma ba kowa ne a garin nan yake buƙatar ƙarin tafiya ba. 'Yar kayayon da ke dakon kaya a Kejetia tun safe, da mai talla a ka, da mai turin kura, sun wuce 10,000 kafin azahar, abin da jikinsu ke nema hutu ne da abinci mai kyau. Masu buƙatar tattaki su ne waɗanda sana'arsu ta zaunar da su: tela, direban trotro (ƙaramar bas ta haya) da na pragya (keke mai ƙafa uku), mai canjin kuɗi a kiyos, ma'aikacin ofis, malamin da ke wuni a kan buzu, uwar gidan da 'ya'ya da jikoki suka ɗauke mata kowane aike. Zuwan pragya ma ya ƙara abin, domin tafiyar da a da ake yi a ƙafa daga Aboabo zuwa Akwatia Line yanzu sai a tsaya jiran keke.

Me tafiyar ke yi a jiki? Tsokar ƙafa da cinya ita ce mafi girma a jikin mutum, kuma duk lokacin da take aiki tana jan suga daga jini ta ƙona, ko da sinadarin insulin bai yi aikinsa yadda ya kamata ba. Shi ya sa tafiyar minti goma ko sha biyar bayan cin abinci take da daraja ta musamman a wurinmu, mu da tuwon zafi ko shinkafa da wake kan zama abincin dare, a ci a kwanta. Sugan da zai yi tsalle bayan tuwon nan, tafiyar tana rage masa tsayi. Jijiyoyin jini kuma suna sakewa idan aka dinga motsa su a kai a kai, hawan jini ya ɗan sauka. Wannan ba ƙaramin zance ba ne a Ghana. Wani nazari da aka fitar a 2021, wanda ya tattara binciken shekaru da dama, ya nuna fiye da ɗaya cikin kowane manya huɗu na da hawan jini, kuma kusan biyu cikin uku na masu shi ba su san suna ɗauke da shi ba. Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya asibitin Komfo Anokye ya ga ƙarshen wannan rashin sani, mutum lafiya lau jiya, yau ɓarin jikinsa ya shanye.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ba ta ma yi maganar taku ba. Minti ta ƙirga, 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, wato tafiyar da numfashinka zai ɗan ɗaga amma kana iya magana da na kusa da kai. Minti 30 sau biyar a mako ya cika ƙaramin adadin, kuma ana iya gutsura shi, goma nan, goma can. A ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa ma labarin ɗaya ne. Wani nazari na 2022 ya gano masu cika wannan adadi haɗarin kamuwarsu da ciwon damuwa ya ragu da kusan kashi 25 cikin 100, masu yin rabinsa kawai kuma ya ragu da kusan kashi 18. Rabin aiki ya kawo mafi yawan ribar.

Rubutu kuwa lamarinsa ya fi sarƙaƙiya, kuma a nan ne nake ganin masu shirya ƙalubale suka fi buƙatar taka tsantsan.

Binciken da kowa ke komawa gare shi na James Pennebaker ne, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, wanda ya fitar tare da Sandra Beall a 1986. Sun sa ɗalibai 46 su yi rubutu na minti 15, kwana huɗu a jere. Wasu an ce su rubuta abubuwan yau da kullum marasa nauyi, wasu kuma abin da ya fi ƙona musu rai a rayuwa. Waɗanda suka rubuta abin da ya faru tare da yadda suka ji a zuciya, a watannin da suka biyo baya sun fi ƙarancin zuwa asibitin jami'a. Amma a ranakun rubutun kansu ransu ya fi ɓaci, wasu har da hawaye. Daga baya Pennebaker ya bi rubuce-rubucen irin waɗannan ya lura cewa masu samun sauƙi su ne waɗanda labarinsu ke canjawa daga rana zuwa rana, suna fara kawo dalili, suna haɗa wannan da wancan, suna ganin abin ta idon ɗaya mutumin. Wanda ya maimaita kuka ɗaya da kalmomi ɗaya kwana huɗu bai cika samun komai ba.

Dalilin bai da wuyar ganewa ga duk wanda ya taɓa kwana yana juyi. Damuwar da ba a furta ba ba ta da farko ba ta da ƙarshe, kewayawa kawai take yi. Rubutu yana tilasta maka ka ce wannan ne ya fara faruwa, sannan wancan, kuma abin da ya fi min ciwo shi ne kaza. Da zarar ta samu tsari, sai ta zama abin da za a iya dubawa a yanke shawara a kai. Mu kuma mutane ne masu kunya da kawaici, kuma ina ganin darajarsu. Amma kawaici yana da kuɗin da ake biya. Matar da kishi ko halin dangin miji ke ci, da saurayin da ya gama karatu shekaru yana zaman ataya babu aiki, da wanda ɗan'uwansa ya bi hanyar Libiya aka daina jin ɗuriyarsa, sau da yawa ba su da wanda za su faɗa wa ba tare da maganar ta zagaya unguwa ba. Takarda ba ta kai gulma.

Sai dai a riƙe abu biyu. Na farko, ribar rubutu matsakaiciya ce. Wani nazari na 2006 da ya haɗa gwaje-gwaje 146 ya tabbatar tana nan, amma ƙarama ce, kuma ba kowa ke samu ba. Na biyu, gwajin Pennebaker kwana huɗu ne, ba wata guda ba. Wanda zai zauna kowane dare na tsawon kwana 30 yana tono miki ɗaya, zai iya ƙara wa kansa ciwo. Idan mutum ya ga rubutun na jefa shi cikin ƙunci fiye da yadda zai iya ɗauka, ya ajiye biro. Abin da ya faru jiya jiya, kamar rasuwar da ba a ko yi sadakar bakwai ba, shi ma a ba shi lokaci.

To me za a rubuta kullum? Abubuwa masu sauƙi, kuma su ma an gwada su. A 2018 masu bincike a Jami'ar Baylor ta Amurka sun sa mutum 57 su yi rubutun minti biyar kafin barci. Waɗanda suka jera ayyukan da ke jiransu gobe da jibi sun riga waɗanda suka jera abin da suka gama yin barci, da kusan minti tara. Ƙwaƙwalwa tana riƙe aikin da ba a gama ba don kada a manta, idan ta ga an ajiye shi a takarda sai ta saki. A 2003 kuma Robert Emmons da Michael McCullough sun sa ɗalibai su rubuta abubuwa biyar da suke godiya a kai, sau ɗaya a mako har mako goma. Sun fi waɗanda aka sa su jera abubuwan ban haushi jin daɗin rayuwa, sun kuma fi su motsa jiki. Musulmi ba baƙo ba ne a wajen godiya, Alhamdulillahi ba ta barin bakinmu. Abin da rubutu ke ƙarawa shi ne ambaton ni'imar da sunanta: yau yaron da ke zazzaɓi ya ci abinci, yau wanda nake bi bashi ya kawo rabi. Layi uku sun isa. Shafi guda cur kullum nauyi ne da ko marubuta ba duka ke iya ɗauka ba.

Akwai wata matsala tamu ta zango da masu kwaso ƙalubalen daga waje ba su san da ita ba, wato da wane harshe za a rubuta. Da Hausa muke tunani, da ita muke faɗa da sulhu, amma ba ta cikin harsunan gida da ake koyarwa a makarantun gwamnatin Ghana. Yaro zai koyi rubuta Turanci da Twi a boko, ya koyi Larabci a makaranta, ya girma bai taɓa rubuta jimla ɗaya da harshen da uwarsa ke yi masa magana ba. Sai ya zo rubuta damuwarsa da Turanci ya ji abin kamar jarrabawa. Shawarata ita ce a rubuta da harshen da abin ya zo, ko Hausa ce da haruffan da mutum ya ga dama, ko gauraye da Twi da Turanci kamar yadda muke magana a titi. Babu malamin da zai duba. Dattawan da suka iya ajami suna da abin da ya ishe su. Kuma rubuta halin da ake ciki ba sabon abu ba ne a tarihinmu na nan. Alhaji Umaru, haifaffen Kano da ya zauna Salaga sannan ya koma Kete Krachi inda ya rasu a 1934, ya rubuta da Larabci da Hausa a kan talauci, da zuwan Turawa, da annobar murar 1918. Abin da ya gani da idonsa a ƙasar nan shi ya sa a takarda, shi ya sa muke da labarinsa yau. Wanda bai iya rubutu ba sam, ya ɗauki muryarsa a waya ya saurara, ya goge.

Gogewar nan ma tana da muhimmanci. A gidan haya mai ɗakuna goma, inda mutum biyar ke kwana ɗaki ɗaya, littafin sirri ba ya daɗewa yana sirri. Wanda ke tsoron a karanta ba zai rubuta gaskiya ba, rubutun da babu gaskiya a ciki kuwa bai da amfanin da ake nema. A rubuta a yaga, ko a sa a wayar da ke da makulli. Don haka ne ban yarda da ƙalubalen da ake cewa a turo hoton shafin a rukuni ba. A ce "na yi" ya wadatar.

Haɗa tafiya da rubutu yana da hikima. A 2014 Marily Oppezzo da Daniel Schwartz na Jami'ar Stanford sun gwada mutane suna zaune da kuma suna tafiya, suka ga sababbin dabarun da ke zo musu sun ƙaru da kusan kashi 60 cikin 100 a lokacin tafiya, kuma abin bai tsaya nan take ba bayan sun zauna. Wato mintocin da ke biyo bayan tattaki lokaci ne mai kyau na ɗaukar biro. Littafin kuma yana riƙe tafiyar: wanda ya rubuta "yau na zagaya ta Manhyia na dawo, gwiwa ba ta yi ciwo ba, na yi barci har asuba" yana tara wa kansa hujjar da ta fi lambar waya ƙarfi, domin tana nuna masa abin da ya canja a jikinsa shi.

Saura maganar kwana 30 da sharaɗin ba fashi. An daɗe ana yaɗa cewa ɗabi'a na kafuwa cikin kwana 21, maganar da aka ɗauko daga abin da wani likitan fiɗa na Amurka ya lura da shi a wurin majinyatansa a 1960, ba daga gwaji ba. Da Phillippa Lally da abokan aikinta a Landan suka bi mutum 96 da ke ƙoƙarin kafa sabuwar ɗabi'a, sun ga matsakaicin lokacin kwana 66 ne, wani ya samu cikin 18, wani kuma lissafi ya nuna sai ya kai 254. Ranar da ƙalubalen wata guda ya ƙare ana taya juna murna, yawancin mutane ba su kai rabin hanya ba. Binciken ya kuma nuna tsallake rana ɗaya ba ya rushe abin da aka gina. Amma tsarin ba fashi yana koya wa mutum akasin haka. Ruwan watan Yuni ya hana shi fita, ko an yi rasuwa, ko suna ya cinye masa Lahadi, sai ya ga lissafi ya koma sifili ya ce shi ke nan. Hadisin da Nana A'isha ta ruwaito ya riga ya ba mu ma'aunin da ya fi wannan: aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa, ko da kaɗan ne. Wanda ya fasa Talata ya dawo Laraba yana cikin masu dawwama.

Abin da ke kafa ɗabi'a shi ne a ɗaure ta da wani abu da ba ya motsi a ranar mutum, kuma a nan mun fi mutane da yawa sa'a, domin ranarmu a yanke take gida biyar. "Zan riƙa tattaki" niyya ce da iska ke ɗauka. "In an sallame asuba zan bi ta doguwar hanya in koma gida" tana da lokaci da wuri. Haka "in na idar da isha zan rubuta layi uku kafin in taɓa waya". Fitar asuba tana da ƙarin riba, domin titi bai cika da babura da hayaƙi ba, rana ba ta yi zafi ba, hasken safiya kuma yana daidaita agogon jiki ya gyara barcin dare. Da azumi sai a mayar da ita bayan shan ruwa, a tafi asham a ƙafa, ko masallacin da ya ɗan fi nisa.

Amfanin rukuni kuma ba gasa ba ne. In da ni ke shiryawa, kowa zai fara da duba abin da wayarsa ke nunawa a mako na yau da kullum, ya ƙara taku 1,000 a kai, wato tafiyar kusan minti goma, wannan ne adadinsa shi kaɗai. Ba za a jera sunaye daga na ɗaya zuwa na ƙarshe ba. Aikin shugaban rukuni shi ne ya lura da wanda ya yi shiru kwana biyu ya kira shi. "Hajiya, lafiya dai? Ba mu gan ki ba yau, gobe in sha Allah mu biyo miki?" Ko yaro ya ce wa mahaifinsa, "Baba, mu taka zuwa Juma'a, a bar mashin." Wannan kira ya fi kowace manhaja riƙe mutum. Ga mata musamman, fita uku uku ko huɗu huɗu tana kawar da maganar mutane da fargabar hanya, wadda ba ta samu fita ba kuma tsakar gida ma fili ne. Ƙungiyoyin motsa jiki da ke fita safiyar Asabar ta wajen filin wasa na Baba Yara suna da kyau, sai dai fita ɗaya a mako ba ta maye gurbin 'yar tafiyar sauran ranaku.

Titunanmu ba a yi su don mai tafiya a ƙafa ba, wannan gaskiya ce. Kwatoci a buɗe, 'yan kasuwa sun cinye gefen hanya, pragya na kutsawa ta ko'ina. Dattijo ya zaɓi hanyar da ya sani da rana kafin ya bi ta da duhun asuba, ya fuskanci motocin da ke tahowa, ya sa tufa mai haske. Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, mai asma ya rufe hanci ko ya jira ƙura ta lafa. Mai ciwon suga kada ya yi tattaki da silifas, ya sa takalmi rufaffe, ya duba tafin ƙafarsa kullum, domin ciwon na kashe jin zafi, ƙaramin rauni ya girma bai sani ba. Wanda ya ji ƙirjinsa ya ɗaure, ko jiri, ko numfashi na yankewa, ya tsaya ya nemi likita a ranar. Mai shan maganin hawan jini kuma kada ya ajiye shi don ya fara tafiya. Ya auna jininsa kafin ya fara, ya sake aunawa bayan wata biyu, ya rubuta duka a littafin nan nasa ya kai wa likita, shi ne zai ce a rage ko a bari.

Haka a ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa. Idan baƙin ciki ya wuce mako biyu bai ɗaga ba, mutum ya daina jin daɗin abin da yake so a da, abinci da barci sun rikice, ko ya fara jin gara ma ya mutu, wannan ya wuce aikin littafi da tattaki. Ciwo ne da ake magani, kuma ba sai an je asibitocin ƙwaƙwalwa na Accra ko Pantang ko Ankaful ba, asibitin Komfo Anokye na da sashen masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a nan cikin gari. Wanda ya ga alamun nan a jikin abokin tattakinsa, ya raka shi da ƙafarsa, kada ya tsaya a ba shi haƙuri kawai.